Gwanin Jifa na Amurka da Namu na Gida

Jiya tun da hantsi nake tura babur a layin mai a nan Azare, har azahar ban ga bakin famfo ba. Maƙwabcina Abdulrahim, wanda ke bayana a layi, ya ga raina ya ɓaci sai ya miƙo mini wayarsa wai in rage zafi.

Wani Ba'amurke ne ake wa bikin ritaya. Irin ƙwallon nan tasu yake yi, wadda ake jifa da hannu, mai kama da gwanda. Abdulrahim ya ce aikin mutumin shi ne ya tsaya, ƙarti suna rugowa su danne shi, ya jefa ƙwallo ta faɗa daidai hannun wanda ya nufa. Ya fi shekara ashirin yana haka, ya sha karaya, ya ci kofuna. Da ya ji hannu ya fara sanyi, shi da kansa ya ce ya isa. Ƙungiyarsa ta rataye rigarsa, ba mai sake saka lambar.

Na ce to mene ne abin mamaki? Ai mu ma muna da namu gwanin, Mai Girma Uban Alkawura. Shi ta rufin mota yake leƙowa, yana jefa wa jama'a sabulu da taliya. Ba ƙaton da ke danne shi, mu ne ke danne juna. Maganar ritaya kuwa kada ma a fara, don an ce har ɗansa ya soma koyon hannu.

Kwanan baya ya nuna bajinta a unguwarmu. Talatu, matar da ke soya awara a bakin titi tana ciyar da marayunta, tana tsaka da suya sai ƙullin taliya ya faɗo cikin kaskonta. Tafasasshen mai ya wanke mata ƙafa, masu wawaso suka tattake kaskon ya tsage. Tun ranar tana kwance, kuma a gidan in ba a soya ba, ba a ci. Wannan abu ya ƙona mini rai, ba wasa.

Muka je gidan Mai Girma mu kai kuka. Wani yaronsa mai babbar riga ya tare mu a ƙofa, ya saurara da kyau, sannan ya ce mu gode wa Allah. Wai mutane nawa suka yi ta tsalle ba su samu ba, ita kuwa tana zaune tallafi ya iske ta har wurin sana'a. Ya ƙara da cewa da ma Mai Girma ba ya kuskure.

Yau da safe Talatu ta aiko a kira ni. Ta samu aron kasko, tana ɗingishi za ta koma suya, sai kuma ta ji an ce Mai Girma zai sake zagayowa ranar Asabar.

"Malam, don Allah ka taya ni kai murhun nan can cikin lungu," in ji ta. "Ƙafa ɗaya ta rage mini."

Na ɗauka na kai mata. Ciniki zai ragu, amma lungun duk ramuka ne da kwata, mota ba ta shiga.

Allah ya saka wa Mai Girma da alheri da bai yi mana titin lungun nan da ya yi alkawari ba.