Ranar da Na Zama Albasa

Ranar Asabar da ta wuce na faɗi warwas a gaban manyan garinmu, kaina ya cire ya gangara har ƙarƙashin kujerar Mai Girma. Ku kwantar da hankalinku, masu karatu, ba wanda aka haife ni da shi ba ne. Kan albasa ne.

Bari in faro muku daga tushe. Ni awara nake yi, tun da sassafe ina gaban tukunya. Matata Sumire tana aiki a gidan kula da tsofaffi. 'Yarmu Kotone tana aji ɗaya, ga dogon hutun zafi ya kawo jiki. In ba ta samu wuri a gidan da ke riƙe yaran ma'aikata ba, dole ɗayanmu ya ajiye aiki, kuma Sumire ta fara yi mini irin kallon da ke nuna wanda zai ajiye. Tun lokacin sanyi muka nema, aka sunkuya mana cikin ladabi aka ce gida ya cika, mu jira.

Amma fa a yaba wa manyanmu. Lokacin zaɓe, shugaban garinmu, Mai Girma Garkuwan Ƙananan Yara, ya rantse cewa bana ba yaron da zai jira. Bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya gina sabon gida mai gilashi har sama. Da aka zo rabon wurare sai aka ga bai ɗauki ko rabinmu ba, amma wannan ƙaramar magana ce, tunda an ɗinko wa gidan dodonsa. Kun san garin da ba shi da dodon talla ba gari ba ne. Namu albasa ce, don ita muke nomawa, ƙatuwar riga ta soso mai ido kamar faranti, aka sa mata suna Tamamaru.

Mu iyayen da ke jira aka gayyace mu bikin buɗewa mu yi tafi. Sai aka rasa mai shiga rigar a wannan zafi, aka ce a raba gardama yadda aka saba, da wasan dutse, almakashi da takarda. Na dunƙule hannu na fitar da dutse. Kowa a ɗakin ya buɗe tafin hannu, wato takarda, mai cinye dutse, sai riga ta faɗo kaina.

"Haba Baban Kotone," in ji maƙwabcina Mogi mai aski, "tun muna firamare dutse kake fitarwa. Ko karen gidanmu ya sani."

Wata jami'a mai farar safar hannu ta ja ni gefe ta karanta mini ƙa'ida. "Tamamaru ba ya magana, ba ya tari, ba ya sosa jiki. Kuma babu mutum a cikinsa."

"To ni fa?"

"Kai ba ka nan, yallaɓai." Ta sunkuya.

Ɗakin da ta kai ni in sa rigar shi ne mafi girma a gidan, sabbin tabarmi shimfiɗe, na'urar sanyi tana hurawa. Aji guda zai kwanta a ciki ya yi birgima. Na tambaya ko na yara ne.

"Na Tamamaru ne," ta ce. "Zafi yana ɓata masa soso."

A nan ne raina ya ɓaci, gaskiya. 'Yata ba ta da inda za ta ajiye takalminta, albasa tana da falo.

Wanda ke cikin rigar ba ya ganin gabansa, sai an ja shi, don haka Kotone ta kama hannuna ta kai ni dandali. Manya suka jeru, kowa da almakashinsa, suka taru a kan kirtani ɗaya suka yanka. Mai Girma ya yi jawabi har zufa ta cika mini takalma. Sannan ya juyo da murmushi ya dafa ni.

"Tamamaru, gaya wa jama'a. Ba sauran yaro mai jira a garin nan, ko ba haka ba?"

Ga yarinya mai jira riƙe da hannuna! Na buɗe baki, tarbiyya ta rufe shi, don ko ni ban taɓa ganin dodon da ya yi magana ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Na ce to bari in girgiza kai. Ashe masu ɗinkin sun san aikinsu: kan nan gaba da baya kawai yake zuwa. Duk yadda na murɗa wuya don in ce a'a, sai albasa ta gyaɗa. Jama'a suka ɓarke da tafi. Na tattara ƙarfina na fizga, ƙafa ta zame, sai ga ni a ƙasa, kai ya kama gabansa.

Iyaye suka ɗaga ido suna nazarin gajimare. Yara suka rufe fuska. Mai Girma ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya yi wa kan sannu, ya tambaye shi ko ya ji ciwo. Ni da ke kwance ba wanda ya gan ni, tunda ba na nan. Kotone ce kaɗai ta sunkuyo ta raɗa mini, "Baba, rufe sanƙonka, kana ba Tamamaru kunya."

Kwamiti ya zauna, kamar yadda ya wajaba. Ya gano cewa Tamamaru ya faɗi ne saboda rashin ƙwararren mai rakiya. Aka yanke cewa a naɗa masa na dindindin, wanda zai wuni da shi a ɗakinsa duk tsawon hutu don su saba, har da abincin rana. Da yake yarinya ɗaya ce a garin ta taɓa jan albasa, aka ba Kotone. Sumire ta daina yi mini wancan kallon. Ni kuma daga yanzu kowace Asabar ina cikin soso.

Washegari Mogi ya zo shago, ya sayi awarar da bai taɓa saye ba. "Baban Kotone, albasar nan ba hannu biyu gare ta ba? Ga ɗana Ryusei yana zaune a gida yana cinye mini firij."

Gwaggo Hatsue ta leƙo ta taga. "Ni jikata ko ganyen kan ne a ba ta ta riƙe!"

Yanzu duk unguwa sun janye daga jiran gidan yara, sun koma jiran albasa. Jiya Mai Girma ya fito ya ce ba sauran mai jiran gidan yara a garinmu, kuma karon farko tun da na san shi, gaskiya ya faɗa.

Af, na ji an ce garin da ke gaba da mu dodonsu ƙaguwa ce. Mogi ya ƙirga ƙafafunta, yanzu haka yana can yana neman gidan haya.