Yadda Na Zama Magoyin Bayan Mai Girma Ban Sani Ba

Jama'a, ranar Talata da safe babur ɗina ya faɗa ramin nan na hanyar Challawa, wanda mu ma'aikatan kamfanin fata muka daɗe muna gaisawa da shi. Ina tsaye cikin taɓo har gwiwa sai ga mota mai baƙin gilashi. Mutum biyu suka fito da wayoyi, ɗaya ya ce, "Baba, ɗan yi murmushi." Na ɗauka taimaka min za su yi, na washe baki. Suka ɗauki hoto suka wuce.

Da na koma gida Panshekara, matata Zulaihat ta tare ni da waya a hannu. "Malam, yaushe ka shiga siyasa?"

Na duba. Ga ni a Fesbuk, tsaye a kan kwalta sabuwa fil, babu ɗigon taɓo, an ɗora min hula mai hoton Mai Girma Ɗan Takara, Garkuwan Talakawan Intanet. Har magana nake yi! Da wata murya mai daɗi irin ta 'yan rediyo nake cewa tunda aka haife ni ban ga aiki irin wannan ba. An ma mayar min da haƙorin da na rasa shekara shida.

Gaskiya a yaba musu. Da can sai ɗan takara ya zo da kansa, ya sha rana, ya yi mana ƙarya ido da ido. Yanzu an hutar da shi. Na'ura ke yin titin, ita ke yin jama'ar, ita ke yin godiyar.

Matsalar ita ce surukina Alhaji Isyaku ɗan ɗaya jam'iyyar ne na gani-kashe-ni. Ya kira ni a fusace: "Zakariyya, ashe kai ma an saye ka?" Na rantse, bai yarda ba. Na ce, "Alhaji, ku zo ku ga kwaltar da idonku." Na goyo shi a babur. Muka faɗa ramin tare. Yana matse babbar rigarsa ya ce, "Na yarda da kai. Allah ya isa."

Washegari hotonmu ya fito a shafin jam'iyyar su Alhaji, an ƙara wa ramin zurfi, har da kada a ciki.

Ni dai roƙona ɗaya ga masu girma: ranar zaɓe a bar ni in dangwala da yatsana, kada a ce min ai na riga na yi a waya.