Ranar da Laffayata Ta Kama Wuta a Gidan Bulama

Ko da zan manta sunayen jikokina (kuma nakan manta, sun yi yawa), ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a tsakar gidan Bulaman unguwarmu a Gamboru ba. Na haura sittin a lokacin, na je Makka na dawo da haƙorina na zinariya, idan na shiga taro mata tashi suke yi su ba ni wuri. A ranar kuwa sai ga ni tsaye a gabansu kamar kazar da aka fige.

Ni ban yi boko ba, sunana ma idan an rubuta sai an gaya mini nawa ne. Amma a je a tambayi duk amaryar da aka kai ɗaki a layinmu cikin shekara arba'in, turaren wutan wa da humrar wa ta shiga da su. Baki kuma Allah ya ba ni. Mata biyu su yi faɗa, ni ake kira. Da an ce "Hajja ta ce", magana ta ƙare.

Da can matan unguwarmu abu ɗaya muke. Idan biki ya tashi, kowace za ta fito da tukunyarta da muciyarta, Kanuri da Shuwa da Babur da Margi da mu Hausawa, har Maman Chidi mai shagon bakin titi, wadda ta fi wasunmu iya tuƙa burabusko. A ƙarƙashin darbejiya muke kafa murhu, ana tsokana da yare uku a lokaci ɗaya. Aminiyata a cikinsu Ya Kolo ce. Shekara ɗaya aka kawo mu aure, ƙofata na kallon ƙofarta. Ita ta koya mini naɗa laffaya yadda ba za ta zame ba, ni na karɓi haihuwar 'ya'yanta huɗu.

Sai zaɓe ya zo. 'Yan takara biyu ne suka fi ƙarfi a wajenmu, ɗaya mai tabarau, ɗaya mai wushirya, kowanne ya buga atamfa da fuskarsa. Ta mai tabarau rawaya ce, ta mai wushirya shuɗiya. Kafin a ce me, mata sun rabu, 'yan rawaya da 'yan shuɗi. An yi zaɓe an gama, maza sun koma shan shayinsu tare a Kasuwar Shanu, mu kuwa muka riƙe abin. A yi suna, rabin layi ba su zo ba. A aika da abincin sadaka, a dawo da kwanon ko murfi ba a ɗaga ba.

Ya Kolo ta zama jagorar 'yan rawaya. Ni kuwa na ce ni uwar kowa ce, ba ni da ɓangare. Rannan a gidan gaisuwa na gan ta da atamfar, na ce mata a gaban mutane, "Ya Kolo, da girmanki kin sayar da kanki a kan turmi ɗaya." Wata takwas ba ta sake ce mini komai ba.

To ga abin da ba wanda ya sani. Tun kafin zaɓe, mutanen mai tabarau sun zo gidana wata Talata, suka ce, "Hajja, ke ce uwar unguwa, ki faɗa mana sunayen matan da za a ba," suka ajiye mini turmi. Na faɗa, na karɓa. Ran Asabar mutanen mai wushirya suka zo da irin wannan magana. Na faɗa, na karɓa. (Kyauta ce, mayar da kyauta kuma ba tarbiyya ba ce. Haka na gaya wa kaina.) Na hau Keke Napep har Galtimari wajen telan da bai san ni ba, ya ɗinka mini riga da rawayar, siket da shuɗin. Gaskiya atamfar auduga ce mai kyau, tana shan zufa, kuma kun san zafin Maiduguri. Su nake sawa idan zan soya turare, ƙofa a kulle. Wani lokaci ma in fita da su, tunda abin da ke ƙarƙashin laffaya daga ke sai Allah.

Ana cikin haka maganar ruwa ta taso. Burtsatse ɗaya ke gare mu, kwamitin da ke riƙe da makullinsa kuma maza bakwai ne, ba wanda ya taɓa ɗaukar jarka a cikinsu. Sai su buɗe famfo daidai lokacin da tukunya ke kan wuta, su rufe kafin a sauke. Na naɗa laffayata na je wajen Bulama.

"Baba Bulama, mu ke ɗiban ruwan nan, mu ke wanki da shi, mu ke girki. A ba mu kujera a kwamitin."

Ya yi murmushi. "Hajja, na ba ku kujera ɗaya. Ku kawo mini suna ɗaya kafin Juma'a. Idan biyu kuka kawo, a bar abin yadda yake."

Na gane murmushin. Ya san matan da ba sa cin abincin juna ba za su haɗu a kan suna ɗaya ba.

Sai na kira taro ranar Alhamis bayan la'asar a tsakar gidansa, na kafa doka: kada in ga atamfar siyasa a jikin kowa. Sunan da za a kai kuwa, na riga na san shi. Wace ce ba ta da ɓangare? Wace ce uwar kowa? Har na fara tunanin yadda makullin zai yi kyau a gefen laffayata.

Ranar tun safe ina kan soya turaren wata amarya, sandal da hawi da sukari, abin da ba a barinsa a kan wuta a tafi. Ban ankara ba na ji kiran la'asar. Na yi salla a gurguje, na ciro sabuwar laffayata, shara-shara mai ruwan madara da na sayo a Madina, na naɗa a kan kayan aikina. Na ɗauki kasko da garwashi da kwalbar turaren da ba na sayar wa kowa. A wajenmu taron mata ba ƙamshi ba taro ba ne, kuma ina so a san wace ce ta kira shi.

Na tarar 'yan rawaya sun shimfiɗa tabarminsu ta gabas, 'yan shuɗi ta yamma, tsakiya fili kamar titi. Can baya kusa da ƙofa, wasu mata biyar ko shida suna zaune a kan jarkokinsu. Waɗanda rashin zaman lafiya ya koro daga ƙauyukansu ne, suna zama a kangayen ƙarshen layi. Na san ɗaya da suna, Fanna, don ita ke kawo mini ruwa ina biyanta. Ko kallonsu ban yi sosai ba.

Na ajiye kaskon a tsakiyar filin, na zuba turare, hayaƙi ya tashi. Na fara magana. Kuma ba yabon kai ba, ranar bakina ya yi daɗi. Na tuno musu da bukukuwan da, na tuno musu da ranar da ruwa ya ci ɗakin wance muka kwana uku muna kwasar laka tare. Na ga wasu suna share ido. Nan ne ya kamata in tsaya. Ina! Sai na ɗaga murya.

"Ku dube ni. Ku dube ni da kyau. Shekara sittin da wani abu, ko ƙyallen ɗan siyasa bai taɓa taɓa jikin nan ba."

Ina faɗa ina juyawa gabas da yamma don kowa ya samu rabonsa na kallo, ina ja da baya kaɗan-kaɗan.

Maman Chidi ce ta fara shinshina iska. "Hajja, wannan turaren sabon haɗi ne?"

Ban ba ta amsa ba na ji ɗumi a ƙwaurina. Laffaya shara-shara da garwashi ba sa jiran shawara. Wutar ta kama gefen tana hawowa.

Wadda ta riga kowa tashi Ya Kolo ce, da ciwon gwiwarta da komai. Ta cafki bakin laffayar a kafaɗata ta finciko, ita ce fa ta koya mini naɗin, ta san inda zai warware. Ta juya ni kamar mazari sau biyu, ta yar da ƙyallen ƙasa. 'Yan gabas da 'yan yamma suka haɗu a kai da takalma, Fanna ta zo da jarkarta ta kwarara.

Sai kowa ya zuba mini ido.

Na dubi ƙirjina. Mai tabarau ne, har biyu, yana kallon jama'a. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuma mai wushirya ne yake ta murmushi, gaba da baya.

Ya Kolo tana haki ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kin ƙone?"

"A'a."

"Alhamdulillahi." Ta leƙa bayana. "To, Hajja, ɗan juya mu gaisa da na bayan."

Ban san wadda ta fara ba. Na dai ga wata 'yar shuɗi ta kifa kanta a kafaɗar wata 'yar rawaya tana dariya har da hawaye, mutanen da ko gaisuwar rasuwa ba su yi wa juna ba. Maman Chidi ta ce, "Mu muna nan muna faɗa, ashe Hajja ta daɗe da sasanta su."

Na ce, "Kyauta aka ba ni." Muryar da ta fito ban san ta ba, ƙarama kamar ta amarya.

Da dariyar ta lafa, wata tsohuwa daga 'yan shuɗi ta ce ita ma fa tana da rawayar, labulen ɗakinta na ciki ne. Wata 'yar rawaya ta ce da shuɗin take goyo idan dare ya yi kuma ba baƙi. Ya Kolo ta gyara zama ta ce, "Ni katifata na yi wa riga da shuɗin." Aka sake fashewa. Ta cire mayafin da ke ƙarƙashin laffayarta ta yafa mini, sannan ta ce, da wasa, "To wadda ba ta da ko ɗaya ta ɗaga hannu mu ga waliyya."

Hannuwa suka tashi daga bakin ƙofa kawai.

"Mu ba a rubuta sunanmu ba," in ji Fanna. Ba da fushi ta faɗa ba. "An ce mu ba 'yan unguwa ba ne."

Shekararsu shida a layinmu. Kuma wa ya ba da sunayen? Sau biyu aka tambaye ni, sau biyu na lissafa matan unguwa kaf, har da wadda ta koma Kano, ban tuna da matar da ke shigowa gidana kullum da jarka a ka ba. Wutar kasko ba ta taɓa fatata ba, amma wannan ta ƙona ni.

Ya Kolo ta tambaye ta sau nawa take zuwa famfo. Ta ce ba ta ƙirgawa, tun buɗewa har rufewa tana can. Ta faɗi lokacin da tanki ke cika, da lokacin da ruwan ke raguwa, da yadda masu kurar ruwa ke shiga gaban masu jarka ɗaya, da abin da za a yi tsofaffi su daina tsayuwa a rana. A taƙaice ta yi maganar, ba ado. Ni da nake son makullin, rabon da in taka wurin tun kafin in je Makka.

Sai na ga idanu sun dawo kaina. Duk da 'yan takara biyu a jikina, sabo ya sa ana jiran abin da Hajja za ta ce.

Na ce, "Fanna."

(Kada ku ce kirki ne. A wannan halin ko ni ba zan zaɓi kaina ba. Daga baya ne na gane maganar gaskiya ɗaya da na faɗa a ranar ke nan.)

Muka sami Bulama a zaure, ni da Ya Kolo, Fanna a tsakiyarmu.

"Suna nawa?" in ji Bulama.

"Ɗaya, Baba Bulama. Ga ta."

Ya dube ta, ya shafa gemu. "Ai wannan baƙuwa ce."

Ya Kolo ta ce, "Ruwan da ka yi alwalar la'asar da shi, baƙuwar ce ta ɗebo."

Sai ya ce ya riga ya yi alkawari, ba zai saɓa ba. Har mun juya ya shaƙi iska. "Me ya ƙone a cikin gidan nan?"

"Ba komai," in ji Ya Kolo. "Hajja ce ta gwada sabon turare."

Cikin mako biyu aka sauya lokacin buɗe famfo, aka ware wa tsofaffi layinsu. Har yau Fanna ce ke riƙe da makullin, maza bakwai kuma sun koyi jiran ta gama magana. Da aka yi suna a gidan wata 'yar shuɗi bayan nan, tukwane suka sake fitowa ƙarƙashin darbejiya.

Ranar dai tare muka koma gida da Ya Kolo, tana riƙe da hannuna saboda gwiwarta, ina riƙe da mayafinta saboda asirina. Ban ba ta haƙuri da baki ba, ita ma ba ta nema ba. Da safe na aika mata kwalbar turaren nan da ba na sayarwa. Daga ranar har Allah ya karɓi abarsa bara waccan, ba ta taɓa ganina cikin kwalliya ba sai ta matso kusa da kunnena ta ce, "Hajja, yau wa aka sa a ciki?" Yanzu ba mai tambayata, kuma da zan samu mai yi, da na so.

Ƙonanniyar laffayar tana nan a ƙasan akwatina, har yau da ɗan ƙamshinta. Ina zuwa taro, ana ba ni wuri, ina magana. Sai dai kafin in ce wa mutane su dube ni, nakan fara leƙa abin da na sa a ciki. Kaskon kuma, can nesa nake sa a ajiye shi.