Evert Mai Wuta Shida Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu masu cike da barci, ni Majken, matar Sixten na gidan kan tudu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa Evert ya riga mu gidan gaskiya. E, shi dai, batirin tsohuwar motarmu. Ku da kuka taɓa tura ta ba sai na yi muku dogon bayani ba. Kuma tun da na fara rubutu bari in haɗa muku: na haihu! Mace ce, sunanta Tuva, kilo uku da rabi, gashi cike da kai, hancin ubanta sak. Da hannu ɗaya ma nake rubutun nan, ɗayan yana ƙarƙashin kanta. Amma zancen rasuwa muke yi, bari in natsu.

Marigayi ya rasu yana da shekara tara, wanda masu sanin abin suka ce tsufa ne sosai a wajen batir. Mai wuta shida ne, wato bolt shida, irin na da, don motar ta kakan Sixten ce, ta girmi uwarsa ma. Batiran yanzu duk sha biyu ne, shi ya sa marigayi ya yi rayuwarsa ba aboki. In ya sauka, ba wanda zai iya ba shi wuta a duk ƙauyen nan. Maƙwabcinmu Börje ya taɓa gwadawa da taraktarsa, ƙwan fitilun motar suka bi layi suna fashewa, tas, tas, tas. Börje ya ce, "Kai Sixten, ka mayar da ita sha biyu mana kamar ta mutane!" Sixten ya ce, "Kakana bai mayar ba." Börje ya ce, "Ai kakanka yana da doki a ajiye."

Evert mai haƙuri ne, ba a taɓa ganin ya yi gaggawa ba. Ba za mu manta da muryarsa da safe ba: rrru... rrru... rru... kamar tsoho yana juyi a kan gado. Ranar da ba ya jin magana kuwa, ƙas, ƙas, shi ke nan, kowa ya sa safar hannu ya fito turi. Saboda shi muke zaune a kan tudun nan. Gida biyu muka gani lokacin aurenmu, ɗaya kusa da shago da tashar bas, ɗaya nan. Sixten ya ce iskar tudu ta fi lafiya. Sai daga baya na gane gangaren yake so. Ranar ɗaurin auren ma da farar rigata na yi turi, ni da surukata Mama Gullan, tana haki tana ihu, "Saki kulocin, Sixten! Saki mana, gwiwata za ta cire!"

Ba zan ɓoye ba, tsakanina da marigayi akwai 'yar tsama, a kan wurin kwana. Daga Nuwamba har Afrilu, kullum da yamma Sixten zai kwance shi daga mota, ya rungumo shi a ƙirji, ya ɗora shi a kan katako a lungun murhu a kicin. Ya goge masa kai, ya duba ruwansa, ya tambaye ni ko na ji kamar akwai iska. Lungun nan kuwa shi kaɗai ne wurin da sanyi ba ya kaiwa a duk gidan. Da cikina ya kai wata bakwai na ce a nan za mu sa gadon jariri. Sixten ya kalle ni kamar na ce a sayar da Mama Gullan. Ya ce, "Wurin Evert ne fa." Na ce to jaririn fa? Ya ce za a duba. Har na tafi asibiti ana dubawa, gadon yana jingine a bakin matakala. Yayata Ylva ta ce mini a waya, "In gobara ta tashi ki ɗauki ɗanki ki ruga da ƙafarki, don mijin nan naki batir zai fara ɗauka." Na yi dariya, amma da na ajiye wayar sai da na yi kuka.

Ga yadda ciwon ajali ya zo.

Ranar Alhamis aka sallame mu. A ƙofar asibiti Evert ya tashi motar a murɗa ɗaya, abin da bai taɓa yi mini ba, kuma ina roƙo a sa masa wannan a cikin ayyukansa na alheri. Ƙarfe uku na rana muka iso gida, gari ya riga ya yi duhu kamar yadda ya saba a hunturun ƙasar nan, sanyi ya kai digiri ashirin da tara ƙasa da sifili. Sixten ya fito ya ɗauki Tuva, yana tafiya a kan ƙanƙara kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Yana shiga kicin ya tsaya yana waige-waige. Sai ya sa ƙafa ya ture katakon Evert gefe, ya jawo gadon ya saka a lungun. Ya ce, "Na ɗan lokaci ne, ta ɗan ji ɗumi."

Ya bar fitilun mota a kunne. Tsofaffin motoci ba sa kuka su tuna maka.

To, a nan ne zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba. Na gani. Ina zaune ina ba ta nono, ta taga ina hango hasken nan rawaya a kan dusar ƙanƙara. Na buɗe baki zan yi magana. Sai na ga Sixten durƙushe yana ƙirga yatsun ƙafar Tuva, ya gama ya sake farawa. Na rufe bakina. Hasken ya yi ja, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke.

Kwana uku Evert yana waje ba caji ba bargo, mutumin da bai taɓa kwana ɗaya a sanyi ba. Ni kuwa kullum jira nake Sixten ya tuna. Bai tuna ba. Wanki yake, yana tafasa ruwa, yana kiran uwarsa a waya don yarinya ta yi shaƙuwa.

Ranar Lahadi da hantsi Mama Gullan ta zo da burodin kirfa. Ta ga jika, ta yi hawaye, sannan ta duba lungu ta ce, "Af, ina mai gidan? Ina Evert?" Da safa kawai Sixten ya fita, ko takalmi bai sa ba. Muka ji ya murɗa makulli. Ko ƙas ɗin nan babu. Can sai ga shi a bakin ƙofa rungume da marigayi, ruwan cikinsa ya daskare ya tsaga shi ta gefe, ƙanƙara ta ɓullo. Na ce a raina yau za a fitar da gadon 'yata a shimfiɗe gawa.

Sai Tuva ta yi atishawa, 'yar ƙarama, tsit.

Sixten ya kalli ƙofar da ya bari a buɗe. Ya juya ya ajiye Evert a waje, a ƙasa, a kan ƙanƙara, ya rufe ƙofa. Ya wanke hannu da sabulu sau biyu, ya ce, "Ruwan batir guba ne, kada ya taɓa ta." Sannan ya ɗauke ta. Ya ɗan yi kuka, ban tambaye shi na wanne ba ne.

Marigayi ya rasu ya bar mota ɗaya, tana tsaye a kan tudu ba ta magana da kowa. Ya bar dainamo, injin cajin motar, wanda bai taɓa ciyar da shi ya ƙoshi ba, da caja mai ƙugi, da rabin kwalbar ruwan batir, da sifana mai lamba sha uku, da katako guda, da mutum goma sha ɗaya masu ciwon baya. An aika a kawo magajinsa, shi ma mai wuta shida, Börje ya yi ta tsaki. Amma a ƙarƙashin matakala zai riƙa kwana. Sixten ne ya faɗa da bakinsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya, a wurin karɓar tsofaffin batira da ke bayan injin katako. Börje zai ɗauki gawa a taraktarsa, ya yi alkawarin ba zai ce ai na faɗa ba. Daga can a dawo gida, akwai kofi da burodin Mama Gullan. Kada a kawo furanni, a kawo kunzugu. Kada a danna hon a kan tudu, kuma wanda ya buga ƙofa da ƙarfi shi zai yi jijjiga har ta koma barci.

Ku tura wa duk wanda ya taɓa sa kafaɗa a bayan motar nan. Ku tura wa Sixten ma, ya karanta zancen tagar a nan, don ni na gaji, ba zan iya faɗa da baki ba. Amma ku fara tura wa Ylva. Ku ce mata ba gobara aka yi ba, sanyi aka yi, kuma ta zo ta ga wa ya ɗauka.