Yadda Za Ka Yi wa Kamfanonin Kokawa Biyu Aiki a Gujranwala Ba a Gane Ka Ba

Ɗan'uwa, in kai ɗan kokawa ne kuma ka gaji da shan ƙasa, matso kusa. Ni Liyakat Butt na yi wa Zakunan Chenab na Chaudhry Imtiyaz aiki da fuska a buɗe, na yi wa Guguwar Punjab ta Malik Sarfaraz aiki da fuska a rufe, alhali mutanen nan biyu ko a jana'iza ba sa tsayawa sahu ɗaya. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin wata uku cur ba mai gane ka.

1. Ka samu dalili

Nawa dalilin shi ne shekara bakwai ina faɗuwa. Ka dai san sana'armu, tun a ɗakin sa kaya ake yanke wanda zai ci. A wurin Chaudhry kuwa mai ci kullum ɗan ƙanwarsa ne, wanda ko buhun shinkafa sai an kama masa.

Na taɓa cewa, "Ranka ya daɗe, ko sau ɗaya a bar ni in ci mana."

Ya ce, "Haba Liyakat, duk Punjab wa ya iya faɗuwa kamarka? Baiwa ce Allah ya ba ka, kada ka raina."

Wallahi maganar nan ta yi mini ciwo, har na kasa cin gurasa ranar.

2. Ka san abin da za ka rasa

Chaudhry ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne Ustad Karamat, tsohon da ke horar da 'yan kokawarsa, wanda ya naɗa maka rawani da hannunsa ranar da ya karɓe ka ɗalibi. Duk wanda ya tsallaka wurin Malik, sai ya mayar da rawanin, ƙafarsa kuma ba za ta sake taka filin horon Ustad ba. Ni tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake kafce ƙasar filin nan kowace safiya don ta yi laushi. Yi tunanin wannan na minti ɗaya, sannan ka daina. Masana sun tabbatar yawan tunani yana rage ƙwanji.

3. Ka zama baƙo

Malik zai karɓe ka hannu bibbiyu, ba don yana ƙaunarka ba, don dai ya ƙunsa wa Chaudhry takaici. Zai ba ka baƙar hula mai rufe fuska, ya raɗa maka suna Dodon Siberiya. Daga nan magana ta ƙare, sai gurnani. Dodon Siberiya ba ya jin yarenmu, saboda haka in ɗan kallo ya zage ka, ko da maƙwabcinka ne mai sayar da taya, haɗiye. Kada a gan ka da kofin lassi, kindirmon nan da mutanenmu ke sha. Kada ka yi bismillah da ƙarfi kafin ka ɗaga mutum, na taɓa yi sai da na bi ta da tari.

4. Ka fi kowa zagin kanka

Ranar Juma'a kana wurin Chaudhry kana faɗuwa, ranar Lahadi kana wurin Malik kana kayar da mutane. A tsakani za a ba ka bokitin gam a ce ka je ka manna fostocin Chaudhry a kan na Malik. Da hannunka za ka manna fosta a kan hotonka na Dodon Siberiya, kana tsaki.

Chaudhry zai dubi hoton ya ce, "Ka ga namiji. Da irin wannan Allah ya ba ni, ba irinku ba."

Kai kuma ka ce, "Wannan? Ƙato ne kawai, ranka ya daɗe, ko tsayuwa bai iya ba."

5. Ka ji daɗin nasara

Daɗi gare ta, ba zan ɓoye maka ba. Ranar farko da alƙalin wasa ya ɗaga hannuna, kuka na yi. Amfanin hular ke nan.

6. Ka kula da hannunka na dama

Nan ne wurin. Shekara ashirin ban taɓa shiga fage ba sai na durƙusa na taɓa gwiwar Ustad na nemi izini, kamar yadda kowannenmu ke yi. Wata Lahadi da la'asar na fito ina gurnani, ina harbin kujeru, yara suna gudu. Sai ga Ustad Karamat a layin gaba, ya lulluɓe da mayafi kamar mai zazzaɓi. Kaina ya ce wuce. Kafin in ankara, Dodon Siberiya ya durƙusa, hannunsa na kan gwiwar tsoho.

'Yan kallo suka zuba ido. Mai sayar da taya ya ce, "Au, ashe a Siberiya ma haka ake yi?"

Ustad ya dafa kaina ya ce a hankali, "Ka riƙa lanƙwasa gwiwa in za ka ɗaga mutum, ɗana. Wata uku ke nan ina kallon kana ɗagawa da baya."

Na ce, "Ustad, ashe ka sani?"

Ya ce, "Ni na koya maka tafiya, hula za ta ɓoye mini kai? Shekara bakwai nake son ganin an ɗaga hannun nan. Tashi ka je ka ci."

Na ci. Kafin magariba Malik ya kore ni, kafin isha'i Chaudhry ya bi sahu. Karon farko ke nan da bakinsu ya zo ɗaya.

7. Ka mayar da rawani

Da safe na ninke shi na ajiye a ƙafar Ustad, ina jin kunya kamar in nutse. Bai ko kalle shi ba. Ya miƙo mini fartanya ya ce, "Ƙasar ta yi tauri, ka makara."

Gargaɗi

Marubucin nan ba ruwansa da karayar baya, korar aiki, ko dariyar masu sayar da taya. In ta kwaɓe maka kada ka neme ni. In kuwa dole ne, ina filin horo ina kafta, tare da wani tsoho da shi ma Chaudhry ya sallama bayan shekara talatin, saboda ya je kallon ɗalibinsa yana ci.