Rasuwar Randar Aro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa ɗaure da tsumma, ni Pothen ɗan marigayi Varkey, na gidan da ke bakin gonar roba a Pala, nake sanar da dangi da maƙwabta da 'yan cocinmu, da duk wanda ya taɓa kurɓar giyar inabina ya yi mini kara ya haɗiye, rasuwar randarmu ta tangaran, wadda kowa ya sani da suna Bharani. Ta rasu ranar Talatar nan da ƙarfe ɗaya da kwata na rana, bayan gajeriyar rashin lafiya wadda ni na ɗora mata.

Ba a san shekarun marigayiya daidai ba. Mahaifiyarmu Ammachi ta ce da tsufanta ta same ta a hannun tata uwar. Fara ce daga gindi zuwa kafaɗa, wuyanta ruwan ƙasa, tana da kunnuwa huɗu ƙanana, ɗaya a gutsure tun kafin a haife ni. Cikinta yana ɗaukar baƙin inabi kilo biyar da sukari da ruwa, da yis, da 'yar alkama cikin tafin hannu, da kirfa da kanumfari, kuma ban taɓa jin ta ce an cika mata kaya ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Kowace shekara, in Nuwamba ya kama, nakan wanke ta da ruwan zafi, ba sabulu, in kife ta a rana, sannan in zuba mata inabin Kirsimeti in ɗaure bakinta da farin ƙyalle. Kwana ashirin da ɗaya ina zuwa kowace safiya da ludayin katako in juya. Sai a tace, a mayar mata da ruwan, ta sake kwana ashirin da ɗaya ba mai taɓa ta. Abin da take nema a wurin ɗan Adam ke nan duka: inuwa, da ƙyalle mai numfashi, da kwana arba'in da biyu. Ba ta da yawan magana. In lafiyarta ƙalau, ka kara kunne a jikinta, za ka ji tana cewa bul, ta yi shiru, ta sake cewa bul, kamar tsohuwa mai addu'a a kujerar baya. In an juya ta kuma takan ce shhh, wanda na daɗe ina ɗauka godiya ce. Yanzu ina ganin da ni take.

Shekara ashirin da biyu muka yi tare. A cikinsu ta ba ni giya mai kyau sau shida, wadda za a iya sha sau tara. Sau huɗu abin ya zama ruwan tsami, matata Sosamma ta jiƙa mangwaro da shi, har aka yaba. Sau uku na tuttular a gindin ayaba, ayabar ba ta sake haihuwa ba. Duk shekarar da abin ya yi kyau nakan ce hannuna ne, in ya lalace in ce inabin bana ne. Marigayiya ba ta taɓa ƙaryata ni a gaban baƙi ba.

A nan ya zama dole in faɗi abin da yawancinku kuka sani kuka kawar da kai. Randar ba tawa ba ce. Da Ammachi ta rasu, gida da gona suka faɗo mini, kamar yadda aka saba yi wa autan maza. Yayata Aleyamma, wadda nake kira Chechi tun ban iya ɗaura zane ba, randar nan kaɗai ta samu daga hannun uwarta. Ina tsaye a bakin gado Ammachi ta nuna ɗakin ajiya ta ce, "Randa ta Aley ce." Da aka gama addu'ar arba'in, Chechi ta naɗe ta a bargo za ta shiga mota, na ce ta ara mini in yi Kirsimeti ɗaya. Ta dube ni, ta sauke.

Tun daga ranar nake mayar da ita. Wata shekara akwai inabi a ciki. Wata shekara damina ta ɓata hanya. Sau biyu bayana ya riƙe, ɗaya daga ciki ma da gaske ne. Abin da ban taɓa faɗa mata ba shi ne, duk safiyar da na kwance ƙyallen nan na sunkuya, warin ɗakin ajiyar Ammachi nake ji, har nakan ji kamar za a ce mini in cire hannuna daga sukari. Ban san yadda ƙato mai furfura zai faɗi wannan a waya ba. Ciwon baya ya fi sauƙin faɗa.

Rashin lafiyar marigayiya ta fara ne da kiran waya, ranar Lahadi bayan mun dawo daga coci.

"Kai Pothen, kana jina?"

"Ina ji, Chechi."

"An sa ranar auren 'yata Tessy, kafin azumin Kirsimeti ya shiga. Da randar Ammachi za ta tafi gidan miji. Asabar ta sama ka kawo mini ita da ƙafarka."

"Ai Chechi, abin da ake ciki..."

"Kada ka ce mini hanya. Kada ka ce mini bayanka. Na haddace su duka, in kana so in karanto maka daga farko. Akwai inabi a ciki?"

Na ce babu, kuma gaskiya na faɗa. Sai da na ajiye wayar na tafi na sayo inabin.

Sosamma ta gan ni ina shigowa da kwando, ta dafa ƙugu ta ce, "Achaya, maigidana, mai hankali wanke ta zai yi ya naɗe ta a bargo."

Na ce sallama nake so in yi da ita.

Ta ce, "Sallamar kilo biyar?"

Ga matsalar a fili: aikin kwana arba'in da biyu, ni kuma kwana goma sha uku gare ni. To ni malamin kimiyya ne, shekara ashirin da shida ina riƙe da alli. Na zauna da takarda na yi lissafi. Zafi yana hanzarta aiki, wannan kowane ɗan aji biyu ya sani. Na zuba yis ninki uku. Maimakon ƙyalle na ɗora murfi, na kwaɓa fulawa na liƙe bakin kaf, don kada ƙarfin giyar ya tsere. Sannan na rungumi tsohuwar da ba ta taɓa barin inuwa ba, na kai ta ɗakin hayaƙi inda muke shanya fayafayen roba, na ajiye ta kusa da murhu.

Sosamma ta biyo ni har bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, ba kai ne kake koya wa 'ya'yan mutane cewa iska in ta ji zafi sai ta nemi hanyar fita ba?"

Na ce wancan na jarrabawa ne.

Marigayiya ta jure iya jurewa. Kwana uku na farko tana ta bul-bul-bul da sauri, kamar mai haki, na ce ai ga shi aiki na tafiya. A kwana na shida na same ta tana wani siririn kuka, fiiii, ta wata 'yar kafa a gefen murfi. Duk mai tausayi zai gane roƙo ne. Ni na koma madafa na ƙaro kwaɓin fulawa na toshe wurin. A kwana na takwas ta yi tsit. Na kara kunne ban ji komai ba, na dawo na ce wa Sosamma ta samu sauƙi.

A kwana na tara muna cin rogo da miyar kifi, na kai loma ta biyu baki, marigayiya ta yi maganarta ta ƙarshe. Dum! Kalma ɗaya ce, amma an ji ta har bakin titi. Kaji suka watse, karen gidan ya shige ƙarƙashin gado bai fito ba sai da yamma. Maƙwabcina Ouseph ya tsallako shinge da fartanya a hannu, zanensa a naɗe.

"Malam, tukunyar gas ce? Wa ya mutu?"

Na nuna masa ɗakin hayaƙi. Ya leƙa. Inabi a bango, inabi a rufi yana ɗiga, fayafayen roba talatin sun rine jawur. Ya daɗe yana kallo, ya cire tawul daga kafaɗa ya goge wuya, sannan ya ce, "Shekara ashirin ina shan giyarka, Malam, sai yau na ga ta yi ƙarfi."

Gutsure arba'in da uku na tsince. Gindin ne kaɗai ya fita lafiya, kamar faranti. A wurin tsintar ne ta yanke ni a yatsa, kuma ban ga laifinta ba.

Ouseph, Allah ya saka masa, ya kawo shawara irin ta maƙwabcin kirki. Ya ce in je kasuwa in sayo sabuwa mai kama da ita, in shafa mata ruwan shayi ta yi duhu, in gutsure kunne ɗaya da guduma. Ba zan ɓoye muku ba, na je. Na tsaya a shagon tangaran na ɗaga wata na ƙwanƙwasa, ta amsa mini da murya irin ta 'yan mata. Ina riƙe da ita na tuna cewa kunnen nan Chechi ce ta gutsure shi da kanta tana 'yar shekara shida, ta sha dukan da har yau take ba da labarinsa. Ta san wannan gutsuren fiye da yadda ta san fuskata. Na ajiye wa mai shago kayansa, na sayi ashana don kada in fita hannu wofi.

Marigayiya ta rasu ta bar ludayin katako guda, wanda ya yi mata hidima shekara goma sha takwas, yanzu yana rataye ba ya ci ba ya sha. Ta bar farin ƙyalle, wanda da an bar shi a bakin aikinsa da ba a rubuta wannan sanarwa ba. Ta bar kwalabe goma sha bakwai a wanke, a jere, ba su san me ya faru ba tukuna. Ta bar amarya Tessy, wadda ba ta taɓa ganinta ba sai a gidan kawunta. Ta bar ni. Ta kuma bar mai ita, wadda ta yi shekara ashirin da biyu tana jira, kuma har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ba ta sani ba.

Sosamma ta leƙo ta kafaɗata ɗazu ta ce, "Ka zauna ka rubuta wa duniya shafi uku, ka kasa kiran mace ɗaya."

Na ce labarin rasuwa ba a faɗarsa a waya, ba ladabi ba ne.

Ta ce, "Uhum."

Na tambaye ta ko za ta raka ni. Ta ce ni kaɗai na ari randar, ni kaɗai zan mayar.

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. An riga an wanke marigayiya da ruwan zafi, ba sabulu, an shanya ta gutsure-gutsure a kan tabarma. Ranar Juma'a da dare za ta kwana a ɗakin ajiya inda ta saba. Masu son yi mata kallon ƙarshe su zo kafin la'asar, kuma ana roƙon kada kowa ya tambaye ni yadda aka yi, Ouseph yana bakin shinge yana bayarwa kyauta, har da ƙari. Ba a buƙatar furanni. Wanda ya kawo mini inabi da sunan ta'aziyya, Sosamma ta ce ita za ta tarbe shi.

Ina roƙon dangi, don girman Allah, kada wani ya tura wa Chechi wannan takarda ko ya kira ta kafin Asabar. Abu ɗaya ya rage da zan iya yi mata daidai, shi ne ta ji daga bakina.

Ranar Asabar da ƙarfe bakwai da rabi na safe, gawa za ta tashi daga tashar Pala a motar Ponkunnam, garin da Chechi take, cikin buhun shinkafa, a naɗe da bargo, a kan cinyata. Ba a buƙatar 'yan rakiya. Daga tasha zan taka da ƙafa, kamar yadda aka umarce ni, in ƙwanƙwasa ƙofar Chechi, in ce mata na kawo. Zan kuma faɗa mata dalilin da ya sa na riƙe randar, na gaskiyar, in har ta bar ni na kai ƙarshen magana. In ta ce in shigo, za a binne marigayiya a bayan gidanta, inda ta nuna, ni zan haƙa ramin, ba kuwa wanda zai ji na ambaci bayana. In ba ta ce ba, akwai motar ƙarfe biyu.

Pothen Varkey,
a madadin kansa kaɗai.