Rasuwar Maɗoriya a hanyar dawowa gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da ya yi nauyi har aka kwana biyu bai iya faɗa ba, Injiniya da iyalansa suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar na'urarsa ta haɗa zaren gilashi, wadda aka fi sani da Maɗoriya. Ta rasu a hanyarta ta dawowa daga ƙasar waje, inda aka kai ta neman lafiya. Ba a san a wane ɗakin ajiyar kaya rai ya yi halinsa ba, ba a kuma san hannun da ya sake ta ba.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba: wayar nan da aka binne a ƙarƙashin titi, wadda gaisuwarku da hotunanku suke bi, cikinta zare ne na gilashi, siriri kamar gashin kai. Idan ya tsinke, hannun ɗan Adam ba ya iya haɗa shi. Sai Injiniya ya sauka cikin rami, ya fere zaren, ya goge, ya kwantar wa Maɗoriya da shi baki da baki, ya rufe murfi. Ta yi "zuuu" tana dubawa, ta yi "tsat" ta narkar da shi, sannan ta ce "ɗil-ɗil", wato an ɗore. Saboda ita kamfanin sadarwa ya damƙa masa unguwannin nan, bisa sharaɗi ɗaya da manaja ba ya gajiya da maimaitawa: ranar da waya ta tsinke, ranar za a haɗa ta. Wanda ya bar ta ta kwana a tsinke, shi ma ya kwana ba aiki.

An shaide ta da haƙuri. Ta sha rana, ta sha laka, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Girgiza kawai ta tsana. A ƙirji Injiniya yake ɗaure ta idan zai hau babur, in ya hango rami sai ya miƙe tsaye don gwiwoyinsa su shanye bugun. Uwargida ta sha faɗa cewa ko lokacin da take da tsohon ciki bai taɓa tuƙa ta haka ba, shi kuma bai taɓa musantawa ba.

Ciwon ya fara ne daga ido. Ta soma daɗewa tana "zuuu" kafin ta gane zaren. Ba ciwon ajali ba ne, da ta ƙara shekara a haka. Amma aka fara haƙar magudanar ruwa a babban titi, daidai inda wayar take kwance, Injiniya ya ce gara katafila ta zo ta samu Maɗoriya da lafiyarta. Likitocinta kuwa su ne waɗanda suka ƙera ta, a can bayan teku.

Ba a taɓa shirya matafiyi kamar yadda aka shirya ta ba. Ya cire batirinta saboda masu jirgi ba sa ɗauka, ya ɗaure duk abin da ke motsi a cikinta, ya kwantar da ita a akwatinta mai soso, ya sa akwatin a kwali, ya sa kwalin a wani kwalin. Ya zana kibiya a kowane gefe. Ya yi mata inshora. A ƙarshe aka manna mata wata 'yar alama mai siririn bututu fari, wanda yake komawa ja idan kaya suka faɗi. Ta isa lafiya, aka yi mata aiki, har suka turo masa hotonta mai motsi tana ɗil-ɗil a kan farin tebur. Suka manna sabuwar alama, suka sako ta jirgi.

Ranar da ta sauka, Injiniya yana saman turken waya a bayan gari, sai ya roƙi yayan matarsa ya je ofishin kaya ya karɓo. Ya ce masa, "Yaya, ka duba ɗan bututun nan. In ka gan shi ja, to ta mutu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce idan ja ne kada a sa hannu ba, bai ce a ɗauki hoto a gaban ma'aikata ba, don a ganinsa kowa ya san wannan.

To, Yaya shi ne mutumin da dangi suke aika idan za a faɗi mutuwa. Ya ƙware. Bai taɓa sakin mummunan labari a waya ga wanda yake kan hanya ba, balle wanda yake rataye a saman turke. Ya duba bututu, ya gan shi jawur. Ya yi salati a hankali, ya ɓamɓare alamar da farcensa don kada ƙaninsa ya yi arba da ita ba shiri, ya jefa a kwandon shara. Ma'aikaci ya miƙo takarda, ya sa hannu cewa kaya sun iso lafiya, ya yi godiya. Sannan ya buga waya.

"Ta iso," in ji shi. "Da ɗan gajiyar hanya dai. Ka sauko a hankali, kada ka yi gudu da babur."

Injiniya ya san wannan muryar. Da ita aka kira shi ranar da mahaifinsa ya cika. Ya rungume turken, ya daɗe bai sauko ba.

A gida ya warware kwali biyu, ya buɗe akwati. Ko ƙwarzane babu a jikinta, kamar mai barci. Ya sa batir, ya kunna. Ta yi "ƙarrr", wani abu ya gangara a cikinta kamar tsakuwa a gwangwani, fuskarta ta yi haske sau ɗaya ta ɗauke. Masu inshora sun yi ta'aziyya da kalmomi masu daɗi, suka tambayi alamar, suka nuna masa sa hannun. Ransa ya ɓaci har idonsa ya rufe, ya juya zai yi magana, sai ya ga Yaya yana jiran a gode masa, uwargida kuma tana kallonsa daga bakin ƙofa. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya."

Marigayiya ta bar wuƙar yankan zare, wadda ba ta da amfani in ba ita. Da tsani, da kwalbar ruwan goge gilashi rabi, da babur wanda yanzu yake faɗawa kowane rami ba mai miƙewa. Ta bar yara huɗu masu cin abinci sau uku. Akwai irinta guda ɗaya tak a garin, a hannun wani abokin sana'a da ya daɗe yana zawarcin unguwannin nan. Ba a aika masa ba, amma shi ya fara zuwa gaisuwa. Ya sha ruwa, ya dubi akwatin, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya tafi yana gyara hula.

Manaja kaɗai bai sani ba, ana kuma roƙon mai karatu ya bar shi a haka. Ya kira ya tambayi na'ura, Injiniya ya ji bakinsa yana cewa ta iso, da ɗan gajiyar hanya dai. Katafila kuwa ba ta hutu. Shekaranjiya tana wajen gidan mai, jiya ta wuce kantin magani, yau daga tsakar gida ana jin haƙoranta suna cin ƙasa.

Za a yi jana'iza gobe da yamma. Za a mayar da ita akwatinta, a ɗora a saman kwaba, kibiya tana kallon sama. Zaman makoki a ƙofar gida ne, mata a ciki. Idan ana tsakiyar zama kuka ga layin wayarku ya ɗauke gaba ɗaya, kada ku girgiza wayar, kada ku cire kati ku hura, ba daga wajenku ba ne. Ku dai matsa ku ba da hanya, don manaja ba zai samu layin kira ba, da ƙafarsa zai zo. Injiniya ya roƙi a ajiye masa kujera mai kallon titi, kada kuma wani ya tare baƙon a madadinsa. Shi zai tashi ya faɗa masa da bakinsa.